Awa Guda a Kan Akwatin Norbert

Rigimar da ta kori Norbert Zastrow daga kicin ɗin gidansa, duk layinmu babu wanda bai ji ta ba, domin ranar taga a buɗe take. Ya ɗauki ƙatuwar tukunya cike da tsiron sha'ir na haɗa giya da ruwan zafi, ya cusa a tandar da matarsa Dolores ke gasa burodi, wai don kada ta huce. Ƙarfen tanda ya lanƙwashe, tukunya ta kife, ruwa mai danƙo kamar zuma ya malale har ƙarƙashin firji. Sati guda silifas ɗin Dolores na maƙalewa a ƙasa, ƙafa ta yi gaba ta bar shi.

Maimakon ya ba da haƙuri, sai gogan ya ɗauko doka. Ya ce a jihar Wisconsin duk abin da miji da mata suka mallaka rabi da rabi ne, saboda haka rabin kicin nasa ne. Dolores ta ce gaskiyarsa, kuma ta riga ta raba: nasa rabin shi ne gareji, da rufin gida, da hanyar mota haɗe da duk ƙanƙarar da za ta zuba a kanta. Ya kwashi tarkacensa ya fita. Watan Nuwamba ne.

Norbert ba mugun mutum ba ne, hannunsa ne kawai ba ya zama wuri ɗaya. Shekara talatin da huɗu ya yi yana kula da tukunyar tururi a masana'antar takarda ta bakin kogi, aikin da ba ya son komai sai ka duba allurar ma'auni duk minti goma. An rufe masana'anta, amma ba a rufe wannan hali ba. Sau uku yake leƙa akwatin wasiƙa a rana, bayan ya san sau ɗaya ake kawowa. Ya taɓa tone irin tumatir da ya shuka don ya ga ko ya fara tsiro.

Tun da aka rufe masana'antar, tsofaffin ma'aikata ke haɗuwa Asabar ɗin farko ta Afrilu a zauren bayan coci. A soya kifi, a yanka cuku, a yi ƙaryar ƙarfin da aka yi da ƙuruciya. Amma kowa ya san abin da ke kawo su: baƙar giyar da Casimir, tsohon direban motar ɗaukar itace, ke dafawa a gidansa. Da bazarar nan Casimir ya rasu. Da mutum sittin aka fara, masu zuwa sun koma goma sha bakwai, kuma wasu sun fara cewa tafiyar ta yi nisa, gwiwa ta yi ciwo, a haƙura haka nan. A wurin cin abincin jana'iza Norbert ya miƙe ya ce taro na nan, giya ma na nan, shi zai dafa. Bernice, matar mamacin, ta ba shi katin da mijinta ya rubuta yadda ake haɗin, ta dube shi irin kallon da ake yi wa mai shirin tsallake kogi da takalmin biki.

Aikin ba wani asiri ba ne. Tsiro ne za a jiƙa a ruwan zafi, digiri ɗari da hamsin da huɗu a ma'aunin Fahrenheit na Amurka, ya zauna haka awa guda cif, har zaƙinsa ya fita. In zafin ya tsaya, giya ta yi jiki. In ya sauka, ta fito tsululu kamar ruwan wanke kwano. To garejin Norbert a watan Disamba, ko kare ba ya yarda ya kwana a ciki.

Ya fara da naɗe tukunya da soson shimfiɗa, ya ɗaure da igiya. Da zafi ya sauka sai ya kunna gas a ƙarƙashinta, ya manta soso ba ya shiri da wuta. Maƙwabta muka sha wari kwana biyu. Daga nan ya bar tukunyar ƙarfe, ya ɗauko babbar kular da yake zuwa kamun kifi da ita, ya huda gindinta ya sa famfo. Ya ƙwanƙwasa murfin ya ji fayau, babu komai a ciki, sai ya huda shi ya fesa kumfar toshe ɓaraka har gwangwani ya ƙare. Da gari ya waye murfin ya kumbura kamar burodi, ya ƙi zama. Ya sayo wani. A watan Janairu ya haɗa akwatin katako, ya jera masa allunan soso mai kauri ciki, ya saka kular a tsakiya, ya lulluɓe sama da bargon da yake kwana a ciki lokacin farautar barewa. Gaskiya akwatin ya yi kyau. Jariri ma zai yi barci a ciki.

Duk da haka zafi na zubewa digiri tara, goma. Dafuwa uku ya yi, duka uku shara.

Wendell, ƙanin Dolores, ya riƙa zuwa kallo. Shi yana da na'urar lantarki mai sheƙi wadda ke riƙe zafi da kanta, ga fitilu ga ƙara, kuma giyarsa ba ta taɓa wuce a ce da ita to ba laifi ba. Ya ce wa Norbert akwatin gawa ya ƙera wa giyar Casimir, saura a kira limamin coci. Ya yi tayin ara masa na'ura. Norbert ya ce Casimir bai san lantarki a giyarsa ba, kuma ƙofa na nan inda ya shigo.

Tsakiyar Fabrairu ta zo. Giya na bukatar sati shida kafin ta nuna, saboda haka wannan dafuwar ita ce ta ƙarshe. In ta lalace, taro ya watse ke nan. Norbert ya ɗumama kular da tafasasshen ruwa, ya zuba tsiro, ya gauraya, ya auna, ya rufe. A lokacin Dolores ta shigo ɗaukar nama a firizar da ke gareji. Tana tonon neman kaza, ta ga mijinta ya yaye bargo, ya ɗaga murfin akwati, ya ɗaga na kula, tururi ya tashi har rufi, ya tsoma ma'auni, ya girgiza kai, ya rufe. Kafin ta samo kazar ya sake.

Ta tambaye shi sau nawa yake wannan abin. Ya ce duk minti biyar, don ya san halin da ake ciki.

"Kai tsoho," in ji ta, "ka taɓa ganin na dafa shinkafa ina leƙa ta? Babu ɓaraka a akwatin nan sai kai."

Ya fara yi mata bayanin shekara talatin da huɗu. Ba ta tsaya ji ba. Ta ajiye kaza, ta ja rigar sanyinta, ta haye akwatin ta zauna daram, ta ce ya kawo mata kofi da jarida. Dolores kuwa ba irin matan da iska ke ɗauka ba ce.

Wannan awa ita ce mafi tsawo a rayuwar Norbert. Ya share garejin da ya share jiya. Ya jera ƙusoshi bisa tsayinsu. Ya roƙe ta ta ɗan gusa, leƙe ɗaya kawai, rabin leƙe. Ta juya shafin jarida. Ya ce ai ƙila yanzu komai ya sandare a ciki, ta ce to ya sandare. Da agogo ya cika ta sauko tana dafa ƙugu, shi kuma ya tsoma ma'auni. Digiri ɗaya ya sauka. Ɗaya tak. Ya daɗe yana kallon allurar, sannan ya ɗebi ruwan ya kurɓa, ya ji zaƙi da kauri sun kama masa leɓe. Washegari dai ya sayo kwaɗo ya sa wa akwatin, ya rataye makullin a kicin, wurin da har yau ba shi da izinin shiga da takalmi.

Ranar taro mutum ashirin da biyu suka zo, domin labarin zaman Dolores ya zaga gari, har waɗanda gwiwa ta hana suka samo sanda. Bernice aka fara zuba wa. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta miƙa kofin a ƙara mata ba tare da ta dubi kowa ba. Tsofaffi suka hau lissafa wanda zai kawo kifi baɗi.

Wendell ne kaɗai ya ƙi. Ya ce giyar ta yi daɗi, bai musa ba, amma ba ta Casimir ba ce; akwai wani ɗan abu a ƙarshen harshe da ya ɓace. Wasu suka ce ƙarya yake, wasu suka ce a bari su sake ɗanɗanawa. Musu ya yi zafi har kifi ya fara hucewa, Wendell na tsaye kusa da famfon giya yana kurɓa yana lumshe ido yana neman abin da ya ɓace. Norbert ya bar shi ya gama, sannan ya goge kumfa daga gashin bakinsa.

"Wendell, kofi na biyar ke nan kana neman bambancin," in ji shi. "Matsa mutane su sha. In ka same shi a na shida, ka zo ka gaya mana."