Neman Kifin da Ƙuda Ya Yarda da Shi

Aliero

Da idar da sallar asuba na shiga motar Jega, buhunan albasa sun fi mu yawa. Mai ɗakina Hajara ce wuyanta ya kumbura, ga kasala. Likita ya ba ta magani, ya ce kuma ta lazimci kifi, domin akwai wani sinadari cikinsa, seleniyam, mai taimakon maƙogwaro ya yi aikinsa. Na rubuta sunan da ajami a tafin hannuna kada ya ɓace mini.

Wani mai tallar magani da ke gefena ya ji ina faɗa wa direba, sai ya zaro kwalba.

"Baba, ga shi nan a ƙwaya, ba ƙaya ba ƙarni."

Kwalbar ko suna babu, likita kuwa ya ce yawansa cuta ne. Na ce Allah ya ba da kasuwa.

Jega

Da hantsi na isa rumfar wani mai banda. Kifinsa sai ƙyalli yake yi, amma na lura ƙuda na damun mai nama a gefe, nan kuwa ko ɗaya.

"Ɗana, ina ƙudanka?"

"Tsabta ce, Malam."

Na shinshina, na ji warin maganin ƙwari ƙarƙashin hayaƙin. Na ce, "Tsabtar da ta kori ƙuda daga kifi, ni ma ta kore ni." Magani na fito nema, ba guba ba.

Maiyama

Na shiga motar Maiyama. Bayan shingen jami'an tsaro guda da aka leƙa buhuna aka sallame mu, muka sauka da azahar. Direba ya nuna mini wata dattijuwa mai banda a bakin murhunta, jikarta na korar ƙuda da mafici, ya kuma ba ta labarina.

"Kai na mai neman ƙuda?" in ji ta. "To ga su, ɗiba kyauta."

Ban saki jiki ba, na juya tarwaɗa ina duba cikinta. Sai ta karɓe, ta ɓantara, ta jefa baki, ta ba jikar saura. Nan na saya.

Gida

Kafin magariba na yi sallama. Hajara ta dubi ƙudan da suka biyo ƙunshin, ta ce, "Malam, tsarabar har da 'yan rakiya?"

Na ce, "Shaiduna ne. Ɗora tukunya."

Godiya ga Allah da ya kai ni ya maido ni, ya kuma sa amana a bakin ƙaramar halittarsa.