Makin Alhaji Ya Kai Ni Madina

Bagudo

Ba a kira assalatu ba muka tashi, ranar wata Talata cikin watan Safar, damina ta yi tsakiya. Ni da ɗana na fari, wanda nake kira Magaji. Ƙanwarsa Balki ta haska mini hanya har bakin mota, ita ce kuma take rubuta wannan labari ina faɗa, don ni ban yi boko ba. Duk matar da ta shigo barka da zuwa sai na faro mata daga farko in yi kuka. Gara a rubuta a riƙa karanta musu.

Mai gidana Alhaji fataucin turare da darduma da jallabiya yake yi. Ya shiga jirgin sama har ya daina ƙirgawa, ni kuwa ban taɓa ba. Ya sha cewa baɗi tare za mu tafi, sai baɗin ta zo da haihuwa ko ambaliya ta cinye mana shinkafa a Kaoje. Bara ya tafi Umara, zazzaɓi ya kama shi a Madina, aka binne shi a can. Ta waya aka gaya mini. Ban ga fuskarsa ba, ban ga makara ba, ban san inda zan juya in ce ga shi can ba. Na yi takaba ina jin kamar tafiya ce ta yi tsawo.

Alhaji yana da kati biyu na kamfanonin jirgi, ja da kore. Duk tafiyar da ya yi sai a zuba masa maki a ciki. Jan ya fi so. Yakan zauna bakin tabarmata yana ba ni labarin yadda suke ɗaga shi daga kujerar baya su kai shi gaba ba ko sisi, inda kujera ke miƙewa ta zama gado, da ɗakin hutun da ake shan shayi kafin jirgi ya tashi. Na koren kuwa ya ce marowata ne, sai ka tara maki tuli kafin su ɗaga ka sau ɗaya. Yana shiga nasu ne kawai don ba su takura wa mai kaya.

Da Magaji ya kira su bayan rasuwar, masu jan kati suka yi masa ta'aziyya mai daɗi, suka ce maki na mai shi ne, ya tafi da shi. Marowatan nan su ne suka ce a aiko da shaidar rasuwa, za su mayar wa iyali.

Ranar rabon gado Liman ya raba gida da gona da shago, yana naɗe buzunsa Magaji ya ce, "Allah gafarta Malam, saura maki."

"Mi ne ne maki kuma?"

Aka yi masa bayani. Ya daɗe yana shafa gemu. "Abin ga ba ya shiga buhu, ba ya shiga mudu. Amma ana sayen tikiti da shi?"

"Ana saye."

"To dukiya ce. Tumuni na tsohuwa ne, saura namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya."

Na tambayi Magaji ko tumunina zai kai ni Madina. Ya duba waya ya ce, "Inna, ko Legas kinka nufa da shi, Ilori za a sauke ki." Liman ya yi dariya, ni hawaye suka zubo. Nan take Balki ta ce ta ba ni nata duka. Magaji ya cika mini daga nasa, ragowar ta ishe shi tikitinsa ya yi mini rakiya. Ko ƙwaya ba ta saura ba. Kujerun maki kuma ba a samun su da azumi, sai bayan alhazai sun dawo, kuma jirgin da ke da gurbi daga Kwatano zai tashi, ranar Alhamis da la'asar. Abin da ya sa muka kama hanyar ƙasar Benin cikin ruwa ke nan.

Kaoje zuwa Tsamiya

Mun haye gadar Tuga gari na wayewa, kogi ya cika ya batse. A Kaoje na sa direba ya rage gudu daidai gonarmu. Shinkafa ta yi kore shar, masu ƙodago suna ciki. Nan Alhaji yake tsayawa ya naɗe wando. Na rufe fuska da mayafi har muka wuce gari.

Da hantsi muka isa Tsamiya, bakin iyaka. Jami'in da ya karɓi fasfo ya juya shi, ya dube ni.

"Mama, sabo fil. Ina zuwa?"

"Wurin mai gidana."

"Yana Kwatano?"

"Yana Baƙi'a."

Ya buga hatimi bai ƙara tambaya ba, ya ce in sa shi a addu'a. A ɗaya gefen jandarmomi suka duba katin allura, Magaji ya canza kuɗi zuwa sefa, muka shiga wata tsohuwar mota mai zuwa Kandi, mu tara a mazaunin mutum biyar.

Tsakanin Segbana da Kandi

Bayan Segbana sama ta buɗe baki. Da azahar muka tarar da motoci jere, ruwa ya tafi da kwalbati, rafi yana gudu a kan hanya. Direban ɗan ƙabilar Dandi ne, ni kuma uwata mutuniyar Illo ce, na iya yarensu. Na ce masa yaushe za mu wuce. Ya ce, "Iya, tambayi rafin, ni ma baƙonsa ne."

Na ga Magaji ya koma gefe yana ta danna waya, fuskarsa ba daɗi. Na ce ya gaya mini gaskiya.

"Inna, tikitin maki na koren nan ba a ɗaga shi. In jirgi ya tashi ba mu, shi ke nan, makin ya ƙone. Da na jan ne, sai su mayar da mu wata rana."

"Na jan ai suna can sun cinye nasu," na ce.

Amma na san abin da za mu rasa. Shekarun da bawan Allah ya yi yana hawa yana sauka, ya bar ni da yara, su ne aka tara aka yi mini kujera ɗaya. Babu wata bayanta.

Wata mata a ƙauyen da ke kusa ta sauke mu, ta ba mu tuwon dawa da miyar kuɓewa, ta ƙi karɓar komai. Da safe ruwan ya ragu amma yana kai wa mutum ƙugu. Samarin ƙauyen sun ɗaura igiya daga itace zuwa itace, wata mota tana jira a ƙetare. Magaji ya ce mu dakata zuwa yamma ya ƙara janyewa.

Na ce, "Kai ɗan birni ne. Ni ɗiyar Kaoje ce, cikin ruwa anka yaye ni."

Na ɗaure zane, na sa fasfo cikin leda na ɗora a ka, na kama igiya. Gwiwoyina suna kuka, ruwan yana ja, Magaji yana bayana yana salati da ƙarfi kamar shi ne tsohuwar. Da na taka tudu fasinjoji suka yi ta tafi. Takalmina ɗaya ya bi ruwa.

Faraku

Mun isa Kandi da rana, muka kai Faraku bayan magariba, a nan ya kamata mu kwana tun jiya. Masaukin kusa da tasha yake. Aka kawo sakwara da miya da cukun Fulani soyayye, na ci loma biyu na ture. Da asuba muka shiga babbar motar Kwatano.

Wadda ke kusa da ni wata Hajiya ce 'yar kasuwa, zobba har babban yatsa, Dubai za ta. Da ta ji kamfanin da za mu shiga sai ta taɓe baki, ta zaro jan kati irin na Alhaji.

"Haba Inna, waɗannan matsolan? Ni sau uku bana ana kai ni gaba. Ko layi ba na bi."

"Haka mai gidana yake faɗi. Kina da 'ya'ya?"

"Shida."

"Katin naki ya san su?"

Ta ce ba ta gane ba. Na ba ta labari tun daga kiran waya har Liman. Ta juya katin tana dubawa. Can ta ce, "Wato in na faɗi yau, ko takalmi ba za su saya da shi ba?" Magaji ya ce kowane kamfani da sharaɗinsa, ta tambaye su, kuma tana iya yankar wa wanda ta so tikiti da makinta tun tana raye. Da muka wuce gari biyu ta kira wata a waya ta ce a shirya wa mahaifiyarta fasfo. Ta saya mini abarba a hanya.

Kwatano

Cunkoson shiga gari ya tsayar da mu, rana tana karkata. Magaji ya sauke ni ya tare babura biyu. Ni da ban hau babur ba tun ciwon gwiwa, na rungumi jakata da bayan ɗan acaɓa mai riga ruwan ɗorawa, muna ratsa motoci. Mun iske ma'aikaciyar tana shirin rufe wurin awon kaya. Ta duba na'ura ta yi magana da Faransanci, Magaji ya roƙe ta, ta kalli ƙafafuna, silifa sabo da zane mai shatin laka, ta karɓi jakar.

Ta ƙofar gaba ake shiga jirgin, sai ka ratsa ta wurin manya. Na gan su, kujeru masu faɗi da matashi da bargo, kamar yadda yake kwatanta mini. Wani dattijo mai farar hula yana zaune jikin taga ana miƙa masa abin sha. Na tsaya na dafa kujerar. Mutane suka taru a bayana. Magaji ya ce a hankali, "Inna, tamu tana baya." Can ƙarshe take, kusa da ban ɗaki, gwiwata tana dukan kujerar gaba. Ban damu ba. Da jirgin ya ɗaga na riƙe hannun ɗana, abin da ban yi ba tun yana ƙarami.

Mun sauka wani gari mai sanyi da na kasa riƙe sunansa, muka canza jirgi. Masu kati suna shiga ɗakin shayi, mu muka zauna kan benci muka ci ƙuli-ƙulin Balki.

Madina

Na yi sallah a masallacin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Bayan la'asar na ce a kai ni. Maƙabartar Baƙi'a tana nan jikin masallacin. Sai a bakin ƙofa na ji cewa mata ba sa shiga. Na ce to Magaji ya shiga ya gano kabarin, ya dawo ya nuna mini saitinsa ta ramukan katanga. A zatona kamar gida ne, inda kowa ya san na wane yana gindin tsamiya, na wance yana kusa da na uwarta.

Ya daɗe. Ya fito idonsa ja.

"Inna, ba suna. Duwatsu ne kawai, duk iri ɗaya, har iyakar gani. Na tambayi mai gadi, ya ce ba wanda zai iya nuna mini."

Na zauna a ƙasa. Na ƙetare rafi, na ƙona gadon 'ya'yana, ga shi ban san ko dama zan duba ko hagu ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ranar rasuwar ba. Magaji ya tsuguna yana lissafa mini waɗanda ke kwance a wurin: matan Annabi, da 'ya'yansa, da sahabbai.

Na miƙe na kama katangar. Tattabaru suna ta sauka a kan ƙasar. Na yi wa mutanen wurin sallama gaba ɗaya. Amma alhazai nawa ne a ciki? In na ce Alhaji, wa zai san da shi nake? Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa bakina bai taɓa furta sunansa ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Na ce wa Magaji ya matsa can. Na sa bakina a ramin katanga na kira shi da sunan da uwarsa ta raɗa masa. Na ce na zo. Na ce yara lafiya, shinkafa ta yi kyau bana, na yafe masa, shi ma ya yafe mini. Balki tana tambayata sunan don ta rubuta. Ba za a rubuta ba.

Kullum bayan la'asar nakan koma wurin har muka wuce Makka muka yi Umara. Ranar da za mu bar Madina Magaji sai da ya ɓamɓare yatsuna daga katangar.

Gida

Ta hanyar da muka je muka dawo. An cike wurin kwalbatin da duwatsu, mota ta wuce ba mu sauka ba. Mun shigo Bagudo ana kiran magariba, Balki ta rugo ba mayafi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa 'ya'yana biyu da suka bar rabonsu, da matar da ta ba mu tuwo ban ko tambayi sunanta ba, Allah ya saka musu. Mai karanta wannan ya yi wa mai gidana addu'a.

Washegari tsakar gida ta cika da mata, ana raba dabino da zamzam. Tsohuwar maƙwabciyata, wadda muka yi amarci shekara ɗaya, ta matso ta kama hannuna ta ce, "To, kin gane shi?"

Na ce, "Ban ga ɗakinsa ba. Amma na ga unguwarsu, kuma ya yi dacen maƙwabta."