Dattijon da Ya Ce Ana Gadon Zuciya

Jiya a asibiti aka tambaye ni, "Akwai mai ciwon zuciya a danginku?" Na tuna marigayi Dakta, dattijon likitan da ya fara yi mana wannan tambaya a unguwarmu ta Ƙofar Kibo, a shekarun 1980.

Lokacin baffana ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa ya cika, kamar yadda mahaifina ya rasu. Unguwa ta ce sammu ne. Dakta kuwa gida-gida yake bi, yana binciken ciwon da ke bin jini.

A zaurenmu ya ɗora min abin sauraron ƙirji, mai sanyi kamar gindin randa. Ya daɗe yana saurare, sai na tambaye shi:

"Ranka ya daɗe, ni ma faɗuwa zan yi?"

"Rai na Allah ne," in ji shi. "Amma ana gadon zuciya kamar gona. Rage gishiri, riƙe magani, ka kawo min ƙannenka."

Na kai su, kuma duk muna raye. Amma har yau in ƙirjina ya soke ni, 'ya'yana nake duba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa iliminsa ya tsare zuri'armu.