Libarbar Tsohon Nasiriya

Shekara huɗu na yi ina tuƙa wani tsohon soja a unguwar Nasiriya ta Riyad. Shi ne kafilina da ya tsaya mini, iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar, a hannunsa take. Baba muke ce masa, mu ma'aikatan gidan. Faɗa gare shi kamar ya ari baki, ni ma kuma ba kanwar lasa ba ne, shi ya sa jininmu ya haɗu.

Baba yana da libarba magnam, ta farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, mai cin harsashi shida, ƙotarta ta katako har ta yi sulɓi don riƙo. Da lasisinta da komai. Duk Asabar nakan kai shi filin koyon harbi a bayan gari, in zauna a benci ina jira. In ban da masallaci da asibiti, fitar da ta rage masa ke nan.

Sai hannunsa ya soma rawa. Wata Asabar ya harba shida, ko ɗaya bai taɓa takardar da ake auna harbi a kanta ba. A hanyar gida muka tsaya a danjar unguwar Murabba. "Halas, shi ke nan," ya ce. "Zan ba babban ɗana ita."

Wannan ɗan nasa ya daɗe yana cewa in tsoho ya daina fita, direba ba shi da amfani. Iƙamata saura wata biyu ta mutu, ga 'ya'ya uku a makaranta a Gusau. Na ce, "Baba, kafin ka bayar, ka koya mini." Ba son harbi ya sa ni ba, tuwona nake karewa.

Mako na zagayowa aka karɓi iƙamata a ƙofar filin harbin aka rubuta, aka kifa mini abin toshe kunne. Baba ya gyara mini tsayuwa, ya ce in ja kunama a hankali. Na miƙe hannu iya tsawonsa, na kau da fuska, na runtse ido, na ja. Ƙasa ta yi tsiri can gefe, mai kula da fili ya taso a guje.

"Ya waladi! Kai yaro!" Baba ya daka mini tsawa. "Wa kake harbi, ni ko aljanu?"

Raina ya ɓaci, na ce masa haka ake harbi a garinmu. Mahaifina maƙeri ne, bindigar toka yake ƙera wa maharba da bututun ƙarfe. Wata rana yana gwada sabuwa ta fashe, ta tafi da idonsa na hagu. Tun ina yaro yake ce mini, in za ka ja kunama, ba bindiga ƙeya. Kaf maharban ƙauyenmu haka suke yi.

Baba ya karɓi bindigar daga hannuna. Ya ɓalle libarbar, ya zazzage harsasan, ya ɗora mini ita a tafi. "Kai ɗan maƙeri ne. Duba ƙarfen nan ka gaya mini ko zai fashe."

Na juya ta, na leƙa ramukan shida, na ƙwanƙwasa da farce. Babu walda, babu tsaga, kaurinta ya ishi fartanya uku. Kaina ya yarda, wuyana ne ya ƙi.

Sai tsohon ya ɓullo da mugunta. Yakan zuba harsashi biyu ya bar ramuka huɗu wayam, ban san wanne ne wanne ba. In ja kunama, ta ce ƙyas, ni kuwa na riga na ba ta ƙeya kamar mai gudun mari. Ya yi ta dariya har da tari. Haushi kamar in mutu, amma na lura ya soma riga ni shiga mota ranar Asabar.

A mako na biyar na cije, na kafa ido a kan saiti, na ja. Ta daki hannuna, wuta ta fito daga bakinta, rami ya bayyana a gefen baƙin da'irar. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Baba ya naɗe takardar da hannunsa mai rawa. Muna isa gida ya shimfiɗa ta gaban ɗansa. "Ɗalibina ne. Kansa da tauri, zai ci shekaru kafin ya iya. Gobe a sabunta masa iƙama."

Na aika hoton takardar gida. Da la'asar mahaifina ya sa aka kira ni. Bai tambayi ramin ba.

"Ka dai kau da fuska ko?"

"Ban kau ba."

Ina jin guduma na tashi a maƙera bayansa.

"Shekara arba'in ina ƙera ta," ya ce, "ban taɓa ganin fitar wutarta ba. Gaya mini, yaya take?"