Kunnen Badung

Shekara ashirin da shida rumfata ta fenti tana jingine da ta Badung a garejinmu na Farin Gada. Shi bakaniken ƙasan mota ne, mutumin Vom, gajere, mai taurin kai. Da kunne ya yi suna. Mota ta shigo tana ƙara, kafin direba ya kashe ta ya faɗa masa abin da ya lalace.

To kunnen ne ya tafi. A hankali ya tafi, har ya kai sai ya kalli bakinka yake gane maganarka. Ni da matarsa Pauline kaɗai muka sani. Wa zai kawo wa kurma mota mai ƙara? Pauline kullum maganarta ɗaya, ya rufe rumfa su koma Vom noman dankali. Ni kuwa, wallahi, ban so ba.

Ranar wata Talata Valentine ya zo, mai shagon waya a kasuwar Terminus. Ya sa an sauke motarsa ƙasa don gayu, har cikinta na neman shafar titi. A garin nan mai duwatsu! Tun daga nan take ƙwas-ƙwas a gaba, ga ta tana karkata a kwana. Bakanike uku sun canja masa linkeji, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa sandar daidaita mota da ƙafar taya. Ƙarar tana nan.

"Oga, shiga mu zaga ka ji," in ji Valentine.

Na saci kallon Badung. Badung ya ce ba sai ya ji ba, ya dawo gobe. Da Valentine ya juya, Badung ya ce mini, "Mahdi, in motan nan ya fi ƙarfina, na bi Pauline." Hausarsa ba ta san mace da namiji ba, na gaji da gyara masa.

Washegari ƙofa ɗaya kawai Badung ya buɗe cikin ƙofofi biyu na rumfarsa. Ya sayo linkeji mai zare guda biyu, na hagu da na dama, irin wanda ake ƙara wa tsawo ko a rage. Bai taɓa jak ba. Ya hau da motar kan ramin gyara, tayoyi huɗu a ƙasa, ya ce Valentine ya zauna a kujerar direba kar ya motsa.

"Ni kuma me zan yi a ciki?"

"Nauyinka nake so, ba surutunka ba."

Ya shiga rami, ya ce in girgiza motar. Ina girgizawa, shi ya dafa sandar da tafin hannu, ido a rufe. Sai ya yafito ni. Ya nuna mini cewa waɗancan kanikawan ukun duk a kan jak suka ɗaure, taya na lilo, kuma da linkeji mai tsawon asali, alhali mota ta sauka. Ana sauke jak sai sandar ta murɗe, ƙarfen ya riƙa bugun na kusa da shi. Ga wurin ma ya goge yana ƙyalli.

Ya kwance tsofaffin linkejin duka biyun. Ya daidaita sandar ta kwanta sosai, ya ɗaure na hagu. Na dama ya yi ta murzawa, rabin juyi, rabin juyi, yana gwadawa, har kusar ta shige raminta da turin yatsa ɗaya, ba guduma ba dole. Sannan ya ɗaure noti.

Saura gwaji, kuma wannan karon ba hanyar kaucewa. Muka bi wata hanya mai gargada ta Dutse Uku, ina baya. Na ga Badung ya cire takalmi a ɓoye, ya shimfiɗa tafin ƙafarsa a ƙasan motar. Haka muka je muka dawo.

Valentine ya tsaya, ya juyo yana washe baki. "Oga, ka ji wani abu?"

Badung ya kalli bakinsa. "Ban ji komai ba."

"Ni ma haka! Kai, kunnenka daban ne!"

Na kau da kai don kar ya ga idona. Da Valentine ya tafi, Badung ya riƙo hannun rigata, ya sa ni na fuskance shi sosai.

"Mahdi, tsakaninka da Allah, ya yi shiru?"

"Ta yi shiru," na ce, ina buɗe baki a hankali don ya gani.

Ya gyaɗa kai, ya saka takalminsa, ya je ya buɗe ɗaya ƙofar rumfar da ya bari a rufe tun safe.