Mutanen Benen Masaukin Fatake

Jiya na ji ƙamshin dutsen da aka yayyafa wa ruwa, sai ga ni a titinmu na tsohuwar Alƙahira, hannuna cikin na kakana.

Ni ba mai ilimi ba ne, abin da na gani zan faɗa maka. A bakin titin akwai gidan ruwan sadaka mai tagogin tagulla, ya ƙafe tun kafin a haife ni. Gaba kaɗan gidan wanka, da rani tururinsa har waje. A ƙarshe kuma tsohon masaukin fatake, mai ƙofar da raƙumi ke shiga da kayansa. A nan mutanenmu ke sauka in sun nufi Makka.

Kaka ba ya wuce ƙofar nan sai ya yi sallama, ya tsaya jim kamar mai jiran amsa, alhali ba kowa ciki sai tattabaru. Sannan ya riƙa nuna tagogin bene da sandarsa. Nan mutumin Damagaram mai tari ya cika. Nan wata 'yar Katsina ta rasu wurin haihuwa. Nan wani maɗinki. Kaka ne ya yi wa mazan wankan gawa, kuma babu wanda ya kai labarinsu gida.

Wata ranar sanyi na ce, "Kaka, ai ba sa ji."

Ya ce, "Kai dai riƙe su a ka, ja'iri. In na tafi kai kaɗai gare su."

Na riƙe iya ƙarfina. Aikin ɗaukar kaya ya cinye ni, tsadar haya ta kore mu zuwa unguwar Ainu Shams. Yanzu an gyara masaukin, an goge duwatsun, baƙi na ɗaukar hoto a tsakar gidan. Allon da aka kafa a bango ya faɗi wanda ya gina shi, bai faɗi waɗanda suka mutu a ciki ba.

Ran Juma'a na ja ɗana muka je, shi da Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Na nuna masa taga ta fari, ta biyu, ta uku. A ta huɗu hannuna ya tsaya a sama. Na san akwai mutum a ɗakin nan. Garinsu, ciwonsa, mace ce ko namiji, duk sun tafi daga kaina.

Yaron ya taɓa kafaɗata. Da Larabci ya ce in yi haƙuri, mu tafi: "Ma'alish ya Baba, yalla."

Ban taɓa binne mutum da hannuna ba, sai ranar.