Shekarar da Maigidana Ya Zama Kafinta

Maigidana direban bas ne. Duk shekara yana jigilar alhazai tsakanin Arfa da Muzdalifa, idan aikin Hajji ya wuce kuma sai a ba shi hutu, wanda a da yake cinye shi da barci. Ban san barcin nan ni'ima ba ne sai shekarar da ya ga wani mutum a waya yana haɗa akwatin katako mai ado.

"Dubi nan," ya ce, yana cusa mini wayar a fuska. "Ka yanka, ka haɗa, ka shafa, halas, shi ke nan."

Na ce, "Baban yara, kai da ƙusar agogon bango ma sai da muka kira maƙwabci?"

"Wancan siminti ne. Katako daban."

Da la'asar ya tafi kasuwar Zahir, ya dawo da katako da zarto da guduma da gam da sanfefa. Ya hau da su saman benenmu a unguwar Misfala ta Makka, daidai inda nake shanya. Tun daga ranar, duk rigar da na sauke daga igiya sai na kakkaɓe mata garin katako, kuma idan na yi magana sai ya ce ƙamshin itace ne, wasu turarensa suke nema.

Akwatin farko ya fito da kusurwa huɗu, babu biyu da ke ga maciji da juna. Murfin idan ka danna gaba sai baya ya ɗaga. Ya tsaya yana kallonsa, hannu a ƙugu, ya ce da gangan ya bar ƙofar iska saboda zafin Makka yana ɓata tufafi. Na ce lallai tufafinmu sun yi sa'ar mai tausayi.

Sai maganar launi. Akwai ruwan rini na katako da ake sayarwa a gwangwani, sabga ake ce masa a nan, amma shi ya ce wannan na ragwaye ne, gwani da kansa yake haɗa nasa. Ya tattara ragowar shayin safe, ya zuba garin gahawa, sannan ya buɗe durowata ya kwashe lallen da aka kawo mini tsaraba daga Kano. Ya dama a tukunyar miyata. Buroshi kuma ya ce yana hana mutum jin katako, don haka da tafin hannu ya shafa.

Katakon ya sha kaɗan, hannun ya sha sauran. Washegari Juma'a, ya tafi masallaci da hannuwa jajaye har wuyan hannu. Ya dawo fuska a murtuke. Wai abokin aikinsa ya riƙe masa hannu a bainar jama'a yana cewa, "Mabruk, barka amarya! Yaushe za a kai ki ɗaki?"

Shayin da ya zuba kuwa da sukari a ciki. Kafin akwatin ya bushe, kiyashin unguwa gaba ɗaya sun yi ƙaura zuwa cikinsa, ta ƙofar iskar nan suke shiga cikin natsuwa.

Wani zai haƙura a nan. Shi sai ya ƙara sayo katako. Akwatuna suka cika mana falo, wani an zana masa fure da ƙusa mai zafi, wani tauraro da ya fi kama da kaguwa. Da 'yan uwansa suka zo Umra daga Katsina, ya ba kowannensu ɗaya kyauta. Suka yi godiya har da addu'a. Bayan sun tashi, mai masaukinsu ya kira ya ce baƙi sun manta kaya, a zo a kwashe. Baban yara ya dawo da su duka a bayan mota yana jimamin yadda tsufa ke sa mutane mantuwa.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana zaune tare da mu. Tsakaninta da shi akwai kunya irin ta da, ko suna ɗaki ɗaya ta bakina suke magana. Gwiwoyinta sun hana ta sujada, kujerar robar da take salla a kai kuma tana zamewa a kan tayil. Wata safiya yana tsaye a bakin ƙofa ta ce da ni, "Ki gaya wa mai gidan nan, in katakonsa ya rage, ya yi mini abin zama. Kada ya yi masa fure."

Na juya don in maimaita, na ga ya riga ya sunkuyar da kai. Ya ba ni zare na auno daga diddigenta zuwa bayan gwiwa. Ya koma kasuwa ya sayo sabgar ragwayen nan da buroshi, ya shigo da su a ƙarƙashin riga don kada in gani. Wannan karon bai yi surutu ba. Ya yanka, ya zubar, ya sake yankawa. Ya goge da sanfefa har yatsunsa suka yi kanta, ya shafa launi ya bari ya bushe, ya sake shafawa. Ya manna roba a ƙasa saboda santsi. Kafin ya sauko da shi sai da ya hau kai da duk nauyinsa ya yi tsalle.

Akwatin zaman ya fito launin dabino, murfin ya rufe ruf. Inna ta shafa shi da hannu, ta zauna, ta girgiza jiki dama da hagu. Sannan ta dube ni.

"Ki ce masa bai karye ba."

A bakin Inna wannan babban yabo ne, ni da ta haifa ban taɓa samun kamarsa ba. Ya fita da sauri wai an kira shi a waya, alhali wayar tana hannuna.

A kansa take salla har yau, magungunanta da carbinta suna ciki. Illar kawai ita ce yabon ya hau masa kai. Yanzu kabad ɗin tufafi yake haɗa mini. An gama ƙofa ɗaya, tana jingine a falo, kuma ta fi ƙofar ɗakin tsawo.